Sarkin fawa na iya ƙwace wuƙar mahauci, su kamfanonin AI wa ke ƙwace tasu?

Daren Asabar da ta wuce a fadarmu nan Tahoua, shayi na biyu bai ma sauka ba gardama ta sarƙe. Wani bidiyo ne ya jawo ta, wanda ya yi ta yawo a gurup ɗin WhatsApp na dangi, an sa inji ya kwaikwayi fuskar wani malami da muryarshi yana tallar maganin ciwon suga, alhali bawan Allah bai san da zancen ba. Innata har ta aiko yaro a tambayo mata inda ake saidawa. Na ce wagga fasaha in ba a sa mata linzami ba za ta kai mu ta baro. Sai ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya zo hutu, ya ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, manyan kamfanonin ai sun sa hannu, sun yi alƙawali za su tsare kansu da kansu."

Su tsare kansu da kansu. Wallahi maganar nan ta hana ni barci, har kuren Nijelek ya ɗauke ya dawo ina juya ta.

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu don kada mutum ya wahala. Ban yarda a bar tsaron wagga ƙirƙirarriyar basira (AI, ko IA yadda ƴan lakwal ke cewa) a hannun masu saida ta ba. Ban ce duk maƙaryata ne ba, akwai masu tsoron abin da gaske a cikinsu. Amma alƙawalin da kai ka rubuta shi, kai za ka duba ko ka cika, kai kuma za ka iya goge shi gobe da safe ba mai ce maka don mi, wannan niyya ce kawai. Niyya kuwa ko mai saida ruwa-ruwa a bakin titi yana da ita, ai bai fito don ya ƙona unguwa ba.

Mi suka sa ma hannu

Yaron bai yi ƙarya ba, an yi alƙawullan. A watan Yuli na 2023 kamfanoni bakwai, Amazon, Anthropic, Google, Inflection, Meta, Microsoft da OpenAI, suka je fadar shugaban Amurka suka ce za su riƙa gwada sabbin injinansu kafin su sake su, za su bar mutanen waje su ma su gwada, za su kuma nemi hanyar sa alama a hoto da murya da inji ya ƙirƙira don a gane. Cikin wannan watan huɗu daga cikinsu suka kafa ƙungiyarsu mai suna Frontier Model Forum. A Mayu 2024 a birnin Seul na Koriya ta Kudu kamfanoni 16 suka ƙara da cewa kowa zai rubuta iyakar da in injinshi ya tsallake ta, kuma aka rasa yadda za a rage haɗarin, to ba zai fitar da shi ba.

Haɗarin da suke nufi ya wuce bidiyon malaminmu. Suna maganar inji ya koya ma wani yadda ake haɗa makamin ƙwayar cuta, ko ya taimaka a kutsa kwamfutocin banki da na wutar lantarki, ko ya kai inda masu shi ba su iya juya shi. Wasu daga cikin shugabanninsu da kansu suka sa hannu a wata gajeriyar takarda a Mayu 2023 cewa a ɗauki haɗarin daidai da annoba da yaƙin nukiliya.

To ni abin da na kasa ganewa kenan. Mutum ya ce abin da yake ƙerawa na iya yin ɓarnar annoba, sannan ya ce a bar mishi tsaronshi bisa amana.

Ai mu ma muna da irin wannan, kuma yana aiki

Wani abokina a fadar, direba ne, shi ya kawo hujjar da ta fi ƙarfi. Ya ce kai malam, sana'a nawa a garin nan ke tsare kanta ba gwamnati? Mahauta na da sarkin fawa. Tasha na da sandika, su ke tsara layi, su ke raba faɗa, su ke cin tarar wanda ya yi lodi ba layinshi ba. Dillalan albasa a Galmi su ma suna da manyansu. Don mi na Amurka ba za su iya ba?

Gaskiya ne, kuma na daɗe ina tunani a kai. Amma duba abin da ya sa namu ke aiki.

Sarkin fawa in ya kama ka da mushe, yana iya hana ka yanka, ya ɗauke ka daga rumfa. Ka san shi, ya san ubanka. Wanda ya sayi naman ya kwana yana zawo, da safe ya san teburin da zai nufa. Kuma akwai kunya, wadda ta fi tarar ciwo, don gobe ɗiyarka za a zo nema aure a ce ai ɗiyar wane ce mai saida mushe. Abu uku kenan ke riƙe da tsarin, akwai mai ƙwace wuƙa, ɓarnar na fitowa da wuri, wanda aka cuta kuma ƙafarshi na kai shi wurin wanda ya cuce shi.

Duk da hakanan ba a tsaya nan ba. Likitan dabbobi na zuwa abatuwa ya duba hanta da huhu ya buga tambari a jikin naman. Shi ba mahauci ba ne, ba ya cin riba in an saida, albashinshi daga wani wuri yake fitowa. Kakanninmu da hukuma duka sun san dattakon sarkin fawa, amma ba su bar rayukan mutane ga dattako shi kaɗai ba.

Yanzu kai wannan ma'aunin ga kamfanonin can. Wace ce a cikin ƙungiyarsu ke iya rufe ma ɗan uwanta shago? Babu. Ɓarnar na iya ɗaukar shekaru kafin a gane ta, kuma ta bazu ƙasa ɗari lokaci guda. Innata da aka kusa damfara, wace mota za ta hau ta kai ta Kalifoniya ta kai ƙara? Kunya kuwa, wanda bai taɓa jin sunan garinku ba ta yaya zai ji kunyarku.

Abin da ya faru da alƙawullan

Nan ne ɗan yayata ya fara shiru, don shi ma ya san labaran, ya ma fi ni sani.

A Yuli 2023 OpenAI ta ce za ta ware kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin kwamfutocin da take da shi, cikin shekara huɗu, don wata tawaga mai binciken yadda za a riƙe injin da ya fi mutum basira. Ba a cika shekara ba, a Mayu 2024, tawagar ta watse. Ɗaya daga shugabanninta, Jan Leike, da zai tafi ya rubuta a fili cewa an tura maganar tsaro baya an sa kayan sayarwa masu ƙyalli a gaba. A wannan watan kuma aka gano ma'aikatan da ke barin kamfanin ana sa su sa hannu cewa ba za su soki kamfanin ba, in ba haka ba hannun jarinsu na cikin haɗari. Da maganar ta fito kamfanin ya janye sharaɗin, amma ƴan jarida suka tono, ba wata ƙungiyar kamfanoni ba.

Google tun 2018 ta rubuta cewa ba za ta yi AI don makamai ba. A Fabrairu 2025 ta cire wannan layin daga ƙa'idojinta. Ba kotu, ba tara, sun gyara shafi kawai kamar yadda kake canza hoton furofil.

A Maris 2023 an yi wata buɗaɗɗiyar wasiƙa ana roƙon a dakata wata shida da ƙera injinan da suka fi ƙarfi. Dubban mutane suka sa hannu har da attajirin nan Elon Musk. Ba wanda ya dakata ko na kwana guda, shi Musk ɗin ma a Yulin shekarar ya sanar da nashi kamfanin na AI.

Wanda ya fi ba ni dariya mai ciwo, a Afrilu 2025 OpenAI ta sabunta takardar tsaronta, ta sa a ciki cewa in wani kamfani ya saki inji mai haɗari ba tare da irin kariyarsu ba, su ma suna iya sake duba nasu sharuɗɗan. Ni ban ma zarge su ba, gaskiya suka faɗa. Kowane direba a tasha ya san wannan. Mota mai wuri 19, in na gabanka ya cusa 25 ba wanda ya tsai da shi, gobe kai ma za ka cusa, in ba haka ba mai mota ya karɓe makulli ya ba wanda zai cusa. Direban kirki da na banza duk lodi guda suke ƙarewa da shi in ba zandarma a hanya. Takardun nan na Anthropic da OpenAI da Google DeepMind, kowa shi ya rubuta tashi, kowa shi ke gyara ta, kuma dukansu suna tsere a kan kuɗin da ya fi kasafin ƙasarmu nesa ba kusa ba.

Ga kuma wanda bai sa hannu ba tun farko. Shi mi ya ɗaure shi? Bidiyon malaminmu wataƙila ma da irin kayan da kowa ke saukewa kyauta aka yi shi. Ban ga wata alama a kanshi ba.

Mai ɗaki shi ya san inda ke mishi yoyo

Wannan ita ce hujjar ɗan yayata ta biyu, kuma tana da nauyi. Ya ce Kawu, ɗan majalisar da bai iya buɗe imel ba shi zai duba injin da injiniyoyin da suka ƙera shi ma ba su gama gane cikinshi ba? Ilimin na wurin kamfanonin.

Na yarda ilimin na wurinsu. Shi ya sa nake so su rubuta ƙa'idar farko, su faɗi inda ke yoyo. Amma mai ɗakin da ke son saida gidan fa? Ya san inda ke yoyo sarai, shi ya sa ma zai sa katifa a wurin ranar da mai saye zai zo.

Mu ƴan Tahoua ba sai an kai mu nesa ba. Hanyar uraniyom daga Arlit ta nan ta bi. Shekaru da yawa kamfanin haƙar shi ke auna gubar da ke tashi daga dutsen, irin wadda ido ba ya gani, shi ke faɗin sakamako. A Nuwamba 2009 ƴan Greenpeace, ƙungiyar kare muhalli, suka zo da nasu na'urorin suka auna titunan Akokan, garin da ke dab da Arlit, suka tarar a wani wuri ta ninka ta al'ada kusan sau 500, a inda yara ke wasa. Injiniyoyin kamfanin ba su fi su ilimin dutsen ba? Sun fi su mana. Amma sai da wani ya zo da ma'aunin da ba na kamfani ba kafin mutanen gari su ji wannan lambar.

Jirgin Boeing 737 MAX ma haka. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta daɗe tana bar ma ma'aikatan kamfanin wani ɓangare na aikin tantancewa, don su suka fi sanin jirgin. Biyu suka faɗi cikin wata biyar, mutum 346 suka rasu, na biyun na Habasha ne a Maris 2019, minti shida bayan tashi daga Adis Ababa. A 1994 kuma shugabannin kamfanonin taba bakwai sun ɗaga hannu gaban majalisar Amurka sun ce a ganinsu nikotin ba ya kama mutum. Su ma bakwai ne, abin mamaki.

Doka za ta rage gudu, Sin ta wuce

Wannan ita ce waƙar da ake yi yanzu a Amurka. Biden, shugaban Amurka na lokacin, ya sa hannu kan wani umurni a Oktoba 2023 da ya tilasta ma masu manyan injina su nuna ma gwamnati sakamakon gwajinsu, Trump ya soke shi ranar da ya hau, 20 ga Janairu 2025. Wata mai bi a taron ƙasashe kan AI da aka yi a Paris, Amurka da Ingila suka ƙi sa hannu a sanarwar ƙarshe.

Ban raina maganar ba, doka marar kan gado na kashe sana'a, mun ga yadda takarda guda ke sa mutum zaryar biro wata uku. Kuma akwai wani tarko, manyan kamfanoni kan so doka mai tsada wadda ƙanana ba su iya bi, sai kasuwa ta zama tasu. Da Sam Altman, shugaban OpenAI, ya je majalisar dattawan Amurka a Mayu 2023 ya ce a kafa hukumar ba da lasisi, wasu haka suka fassara shi.

Amma abin da ake nema ba mai yawa ba ne. Ka buga ƙa'idarka a fili, a bar wani na waje ya gwada, in abu ya lalace ka faɗa cikin lokaci, ma'aikacin da ya tona kada a kore shi, in ka saɓa ka biya. Jihar Kalifoniya, inda mafi yawansu suke zaune, bayan gwamnanta ya ƙi wata doka a 2024, ya sa hannu a wata mai sauƙi a Satumba 2025 da ta ɗauki mafi yawan waɗannan. Ba kamfanin da ya rufe. Tarayyar Turai dokarta ta fara aiki a Agusta 2024, laifi mafi girma tararshi na kai Yuro miliyan 35, kusan miliyar 23 na sefa, ko kashi 7 cikin ɗari na cinikin shekara. Sun haɗa ta da wata ƙa'idar ganin dama a 2025, Meta ta ce ba ta sa hannu. To ba komai, dokar na nan a bayanta ko ka sa ko ba ka sa ba. Irin ganin damar da na yarda da ita kenan, wadda akwai sanda a jingine bayan ƙofa.

Masu cewa da babu gara ba daɗi, e, na yarda. Alƙawullan sun sa an fara buga rahoton gwaji, sun ba ƴan jarida abin da za su riƙe kamfani da shi. Tsorona shi ne "ba daɗin" ya zama dalilin da za a ce an gama, gwamnatoci su naɗe tabarma.

Mu ina ruwanmu

Wani dattijo a fadar ya ce mu da ke fama da kure da kuɗin megas, mi ya kai mu faɗan manya. Na ce Baba, ai mu abin ya fi shafa.

A 2023 masu bincike a jami'ar Brown ta Amurka suka ɗauki tambayoyi masu haɗari da GPT-4, injin OpenAI, ke ƙin amsawa da Ingilishi, suka juya su zuwa harsuna irin Zulu, sai ga shi yana amsawa, kusan sau 79 cikin ɗari in an haɗa harsunan. Wato katangar an gina ta mai tsawo ta gefen Ingilishi, ta gefen harsuna irin namu kuwa zana ce. In kamfani shi ke zaɓen gwajin da zai yi, da wane harshe kake jin zai fara? Da na masu biyan dala 20 a wata. Hausa da Zarma da Tamajak da Fulfulde sai in an tuna. Kuma mu ga mu mutanen saƙon murya, rabin danginmu ba karatu suke ba saurare suke, muryar da ta yi kama da ta ɗanka da ke ci-rani a Abijan tana cewa a turo jika hamsin maza, wa zai tsaya tantama.

A taron ƙasashe na farko kan tsaron AI, a Bletchley ta Ingila, Nuwamba 2023, ƙasashe 28 suka sa hannu, daga Afirka Najeriya da Kenya da Ruwanda ne kawai. Ba mu ciki. Alƙawalin ganin dama ana yin shi ne gaban wanda ake jin tsoro ko ake son kuɗinshi, mu ko ba mu cikin ko ɗaya. Mun san yadda ake yi da kasuwar da ba ta da mai dubawa, maganin tarin da ya kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 ai ba Turai aka kai shi ba.

Ba na mafarkin Yamai za ta ci tarar Google. Amma akwai abin da ke hannunmu. Ranar da wata ma'aikata ko banki ko kamfanin waya zai sayo irin wannan injin ya sa shi yana amsa ma mutane, ko yana tace takardun neman aiki, ko yana ba da shawarar lafiya, a rubuta cikin kwantaragi cewa sai an gwada shi da harsunanmu, mutanenmu su gwada, kuma wanda ya kawo shi nan shi ke da alhaki in ya yi ɓarna, mutum mai biro da adireshi a cikin ƙasa wanda sammaci ke iya samu. Muna da HAPDP mai kula da bayanan mutane, muna da ARCEP mai kula da sadarwa, a ba su ma'aikata da suka san abin. Tarayyar Afirka ta fitar da tsarinta na AI a Yuli 2024, shi ma dai har yanzu takarda ce, amma ƙasa guda mai mutum miliyan ashirin da wani abu ba a jin ta, nahiya kuwa kasuwa ce.

Shi ɗan yayata na ce mishi maimakon ya zauna yana kare alƙawalin mutanen da ba su san da shi ba, ya tara abokanshi biyar a jami'a, su jera tambayoyi da Hausa da Zarma, na magani, na damfara, na gardamar addini da ƙabila, su gwada injinan nan ɗaya bayan ɗaya su rubuta abin da kowane ya amsa da kwanan wata. Ya ce Kawu kuɗin intanet fa. Na ce na wata guda a kaina. Ya koma Yamai jiya da motar safe, ya ce zai fara da tambayar da innata ta yi, inda ake saida maganin sugar nan.